KWANON FITILAR HAJIYA: TSOHO NE, AMMA NAWA NE KUƊINSA?

  Yau labarin wani kwanon gilashi na kawo muku, wanda saura ƙiris ya raba zumuncin gidanmu. Ku gyara zama, domin na san a gidajen da yawa daga cikinku akwai irinsa a rataye, ko a jefe a bayan sito, ba wanda ya san darajarsa.

Bayan rasuwar Hajiya kakarmu, Allah ya jiƙanta, da aka yi sadakar arba'in sai manya suka taru don a lissafa kayan ɗakinta kafin rabon gado. Aka fito da kwalla da tasoshi da tangaran, da gadon ƙarfe mai rumfa, da akwatunan zannuwa. Can a silin falonta kuwa akwai wani kwanon gilashi ruwan hoda, mai zane kamar hasken rana in ta ɓullo, yana rataye da sarƙa uku ya lulluɓe ƙwan lantarki. Tun muna yara muke ganinsa, ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, in ban da matattun ƙwari da ke taruwa a cikinsa. Kakanmu ne ya kawo shi gidan. Ya yi aikin kuku a gidan wani Bature a Nasarawa ta nan Kano, da Baturen zai koma ƙasarsu gab da samun 'yancin kai a 1960 aka yi gwanjon kayansa, shi ne ya saya wa Hajiya.

Ana cikin lissafi sai ga wata dillaliya ta yi sallama, wai ta zo gaisuwa. Ta zauna ta yi addu'a, amma idonta na sama. Can sai ta ce da Goggo, "Hajiya, wannan tsohon kwanon fa? Ai ƙura kawai yake tara muku. Ku ba ni shi in ba ku dubu goma, ko goro a saya wa 'yan zaman makoki."

Goggo har ta buɗe baki za ta sallama, sai ɗan Baffana ya yi caraf ya ce, "Goggo, kada ki soma! Wallahi na gani a waya, an sayar da tsohuwar fitilar gilashi a Amurka dala miliyan uku da wani abu."

Tabɗijam! Nan fa ɗaki ya ɗauki hayaniya. Baffa ya ce ai da ma Goggo ce ta kira dillaliyar don su haɗa baki su cinye dukiyar marayu. Goggo ta fashe da kuka, ta ce ita da ta yi jinyar Hajiya shekara huɗu yau ita ake kira ɓarauniya? Baffa ya sa kwaɗo ya kulle falon. Sati uku cur ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ƙanwata kuwa da aka sa ranar bikinta har ta fara lissafin irin kujerun da za a yi mata da kason Baba.

Da abin ya ishi Baba sai ya kira ni ya ce, "Ke ce 'yar boko, je ki bincika mana gaskiyar wannan abu kafin ya kashe mana gida." Na ce, "To Baba, in Allah ya yarda." Abin da na gano shi ne zan zayyana muku, don wata rana kada a cuce ku, kada kuma ku cuci kanku da buri.

ME YA SA AKA YI WA FITILA KWANO?

A 1879 ne Thomas Edison na Amurka ya fito da ƙwan lantarki mai daɗewa yana ci, a daidai lokacin da Joseph Swan yake nasa a Ingila. Ƙwayayen farko garau suke, ana ganin zaren da ke ci a ciki, haskensu yana kashe ido. Sai a 1925 wani ma'aikacin kamfanin General Electric mai suna Marvin Pipkin ya gano yadda za a dusashe ƙwan ta ciki ba tare da ya yi saurin fashewa ba. Saboda haka duk gidan da aka ja wa wuta sai ya nemi abin da zai tausasa hasken, ya kuma ɓoye ƙwan. Kun ga ke nan buƙata ce ta miliyoyin gidaje, ba ta gidan sarki kaɗai ba.

Masana'antu kuwa a shirye suke, domin tun wajen 1825 Amurkawa suka ƙware da buga gilashi da inji. Ana narka yashi da wani sinadari dangin kanwa da farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,500, a ɗebo narkakken gilashin a zuba a mazubin ƙarfe wanda aka riga aka sassaƙa wa zane, a danna shi da wani ƙarfen, ko a hura masa iska har ya cika mazubin. In ya fito sai a bi da shi ta wani dogon murhu ya huce a hankali don kada ya tsage. Ku ɗauka kamar tandar waina ce: gurbi ɗaya, amma waina dubu za ta fito daga cikinsa, kowace kamar 'yar uwarta. Haka aka yi ta buga waɗannan kwanuka a Ingila da Faransa da Jamus da Amurka da Cekosulobakiya.

Irin na Hajiya, mai huda uku da sarƙa uku, ya yi tashe ƙwarai a gidajen Ingila daga wajen 1930 zuwa 1939. Har laƙabi Turawan suka yi masa da yarensu, mai ma'anar makamin ƙuda, saboda bakinsa sama yake kallo, duk ƙwaron da ya zo wajen haske ciki yake faɗawa. Zanen nan mai kama da fitowar rana kuwa na wani salon ado ne da ake kira Art Deco, wanda ya samo sunansa daga wani babban baje kolin kayan ƙawa da aka yi a Faris a 1925.

ITA FA FITILAR DALA MILIYAN UKU?

Ɗan Baffana bai yi ƙarya ba. A watan Disamba na 2018 gidan gwanjo na Christie's da ke birnin New York ya sayar da wata fitilar tebur ta kamfanin Louis Comfort Tiffany a kan dala miliyan 3.37. To amma ita wannan ba a mazubi aka buga ta ba. Ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi ne aka yanka da hannu ɗaya bayan ɗaya, aka naɗe gefen kowanne da jan ƙarfe aka liƙe su da dalma, kuma irinta kaɗan ne suka rage a duniya. Haɗa ta da kwanon Hajiya kamar haɗa rigar sarki mai aska takwas, wadda aka shekara ana yi wa aikin hannu, da rigar kanti ne. Duka riguna ne, amma kowa ya san bambancin.

Wannan shi ne babban darasin, 'yan uwa: tsufa kaɗai ba ya sa kaya tsada. Abin da ke sa shi tsada shi ne ƙarancinsa, da sunan wanda ya yi shi, da lafiyarsa, da kuma yawan masu nemansa. Abin da aka buga dubbai, ko ya shekara tamanin, 'yan uwansa na nan birjik a kasuwa.

YADDA ZA KI DUBA NAKI

Da farko ki sa namiji babba ya kashe wuta ya sauko miki da shi, ki shimfiɗa bargo ko tawul ki ɗora shi a kai, a wuri mai haske.

Abu na farko, ki nemi layin haɗi. Mazubi yakan zama ɓari biyu ko uku ne da ake haɗewa, don haka yakan bar wani siririn layi a jikin gilashin daga baki zuwa gindi, kamar ɗinki a jikin riga. Ki shafa da yatsa za ki ji shi. In kin same shi, to aikin mazubi ne. Ki shafa zanen kuma: wanda aka yanka da hannu gefensa na da kaifi, na mazubi kuwa a dakushe yake, sumul. In cikin kwanon sumul ne zanen yana waje kaɗai, danna shi aka yi. In kuwa cikin ya bi tudu da kwarin zanen waje, hura shi aka yi a mazubi. Na Hajiya layi uku na samu a jikinsa.

Na biyu, ki nemi rubutu. Ki duba bakin kwanon da kewayen hudojin, ki haska tocila a karkace, domin rubutun kan yi ƙanƙanta. Sunan ƙasa kaɗai ma yana ba da labari. In kin ga an rubuta Czechoslovakia, to tsakanin 1918 da 1992 aka yi shi, don a tsakanin nan ne kawai aka yi ƙasa mai wannan suna. In West Germany ne, tsakanin 1949 da 1990 ke nan. Kayan Ingila kuma sau da yawa suna ɗauke da haruffan Rd No da lamba a gabansu. Wannan lambar rajistar zane ce, an fara ba da ita a 1884, tana hawa shekara bayan shekara: ta kai wajen 351,000 a 1900, wajen 673,000 a 1920, wajen 751,000 a 1930, sannan wajen 837,000 a 1940. A bakin kwanon Hajiya na samu lamba mai rukuni shida wadda ta fara da 78, wato an yi rajistar zanensa wajen 1933. Sai dai ku lura, lambar shekarar rajistar zanen take nunawa. Ana iya ci gaba da buga shi da mazubin nan shekaru da yawa bayan haka.

Akwai sunayen da in kin gani sai ki ce albarka ga duk wani tayi, ki nemi masani tukuna. Ɗaya shi ne Holophane, gilashi garau mai tsaga-tsaga a jere wanda ke baza haske. Wani Bafaranshe André Blondel da abokin aikinsa Bagirke suka yi rajistar fasahar a 1893, kuma duk da cewa an buga shi da yawa, har yau ana nemansa don ƙawata kantuna da gidajen abinci. Ɗayan kuma R. Lalique, sunan René Lalique na Faransa wanda ya rasu a 1945. Shi ma da mazubi ya yi aiki, amma sunansa kaɗai kan ɗaga kuɗin kaya nesa ba kusa ba. Don haka ne ma ake yawan yin jabun sa hannunsa. Mafi yawan kwanukan gidaje dai ba su da sunan kowa, kuma wannan ba aibi ba ne.

Na uku, ki duba launi. Tsohon farin gilashi mai kama da madara, wanda aka haɗa da tokar ƙashi, in kin ɗaga shi saitin rana za ki ga gefensa ya yi ja-ja kamar garwashi. Gilashi garau da aka yi kafin wajen 1915 wani lokaci yakan juya ya yi ruwan shunayya kaɗan in ya daɗe a rana, saboda sinadarin manganis da ake sa masa a da. In kuwa kore ne ko ruwan ɗorawa, ki aro tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, ki haska shi cikin duhu. In ya ɗauki wani irin kore shar kamar an kunna shi, akwai ɗan sinadarin yuraniyom a ciki, kuma akwai masu tara irin wannan musamman, sukan ƙara masa kuɗi.

Na huɗu, lafiyarsa, kuma nan ne kuɗi ke zubewa. Ki bi bakin da yatsa a hankali ki ji ko ya ɓantare. Ki riƙe shi sama-sama ki ƙwanƙwasa da farce: lafiyayye yakan yi ƙara mai ɗan tsawo, mai tsagewa kuwa sai ki ji ƙwas, ta mutu nan take. Ki fi sa ido a kewayen hudojin, don nan nauyi yake. Abin da ake da irinsa da yawa, mai saye ba zai ɗauki fasasshe ba alhali ga lafiyayye a gaba. Ƙananan kumfa a cikin gilashin kuwa ba lahani ba ne, daga masana'anta suke.

Na biyar, kayan haɗinsa. Sarƙoƙin da ƙugiyoyin da faifan da ke manne a silin, in na asali ne suna ƙara masa daraja. Ki kanga musu maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwa, in bai kama ba, wataƙila tagulla ce. Wanda ba na sarƙa ba kuwa, mai wuya da ake ɗaurewa da kusoshi uku, ki auna faɗin wuyan. Akwai awon da aka saba: inci biyu da kwata, inci uku da kwata, inci huɗu, da inci shida. Mai wannan awon ya fi saurin samun mai saye, don zai shiga mariƙin da mutum yake da shi a gida. Kwanon Hajiya dai ya ɗan ɓantare a baki, sarƙa ɗaya kuma ta tsinke tun tuni an maye ta da waya.

KUƊI IRI UKU NE

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai kuɗin da mai kaya ya yanka, akwai wanda aka saya da gaske, akwai kuma wanda ɗan kasuwa zai ba ki. Kowa na iya ɗora hoton kwanonsa a intanet ya rubuta miliyan, ba a hana shi ba, amma a shekara ba wanda ya taya. In za ki bincika, ki ɗauki hoton naki ki nema da Google Lens don ki ga 'yan uwansa, sannan ki shiga eBay ki zaɓi jerin waɗanda aka riga aka sayar. Ki duba biyar ko goma masu girma da lafiya irin naki, ki ɗauki na tsakiya. Shi kuwa ɗan kasuwa ko dillaliya, galibi rabin wannan ko ƙasa da haka za su ba ki, don su ma riba suke nema, ga hatsarin fashewa a hannunsu. Kada ki manta kuma, 'yan wannan sana'a ba su cika kiran abu kayan tarihi ba sai ya cika shekara ɗari. Na Hajiya da sauransa.

Na tura wa yayata da ke aure a Ingila hotuna: gaba da baya, da bakin, da lambar, da wurin da ya ɓantare, da awon faɗinsa. Ta aika wa wani gidan gwanjo na garinsu, don yawancinsu sukan yi ƙiyasi kyauta daga hoto. Amsar ta zo a gajarce. Sun ce na gaske ne, na wancan zamanin ne, amma an yi shi da yawa, kuma a yadda yake ba zai wuce fam talatin zuwa hamsin ba, kafin su cire la'adarsu. Yaya ta ƙara da cewa, "Ke, kuɗin da za a kashe a naɗe shi a turo shi nan ma ya fi kuɗinsa, in ma ya iso da rai ke nan."

Na kai wa Baba bayani, ya tara 'yan uwansa ya sa na maimaita a gabansu. Aka yi lissafi, sai ga shi kuɗin ya ninka tayin dillaliya sau da yawa, amma ko gadon amarya ba zai saya ba. Ashe dai dillaliya ta so ta yi mana wayo, ɗan Baffa kuma ya hau da mu bishiyar da ba ta da reshe. Baffa ya yi shiru ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Kwaɗayi mabuɗin wahala." Goggo ta share hawaye ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni ba kwanon ne ya dame ni ba, kalmar da ka jefe ni da ita ce." Aka sa masa kuɗi daidai ƙimarsa a cikin gado, ya faɗo a kason Goggo, ita kuma ta ba ƙanwata gudummawar biki. Yanzu haka yana rataye a falon amarya, kuma duk wadda ta shiga sai ta tambayi inda aka sayo shi.

IN KIN MALLAKI IRINSA

Ki wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu, ki shimfiɗa tawul a gindin bahon. Ban da ruwan zafi, ban da soson ƙarfe. In yana da zanen fenti ki fara gwada goge wani ɗan lungu, don wani fentin a sama kawai yake, ruwa na iya tafiya da shi. In mai kusoshi ne kada a ɗaure su tamau, gilashi na buɗewa in ya ji zafi, sai ya tsage. A sa masa ƙwan LED wanda ba ya zafi sosai, a kuma kira mai gyaran wuta ya canza tsohuwar wayar.

Sannan ki yi hattara da masu yawo gida-gida suna cewa akwai wani ɓoyayyen sinadari mai tsada a cikin tsoffin kaya. A 2009 an yi irin wannan ruɗani a Saudiyya, inda aka baza cewa akwai wai jan makuri a cikin tsoffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta saye da tsadar hauka, daga baya hukuma ta ce damfara ce. In kuma kayan na mamaci ne, ƙanwata, kada ki sayar ko ki kyautar da ko cokali kafin a raba gado, komai ƙanƙantarsa haƙƙin magada ne.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, matambayi kuma ba ya ɓata. Kafin ki ce na sallama, ki bincika. Kafin ki zargi ɗan uwanki a kan abin duniya, ki fara sanin nawa ne abin. Mu dai Allah ya rufa mana asiri, sati uku kawai muka yi asara.

Wadda take da wani tsohon abu a ɗakin kakarta da take son a yi bayaninsa, ta rubuto mana ta adireshin mujalla kamar yadda aka saba.